"A Jininsu Yake": Gaskiyar Magana Kan Gado, Ƙabila Da Ciwon Daji

Idan ciwon daji ya ɗauke mutum biyu ko uku a gida ɗaya, ba a rufa kwana bakwai sai magana ta fara zagayawa a wurin zaman makoki: "Ai a jininsu yake." Wani lokaci maganar takan tsallake gidan ta hau kan dangi gaba ɗaya, har ta kai ga ƙabila. A ce su wane ba sa yin wannan ciwo, su wane kuma shi ne ajalinsu. Akwai auren da aka fasa a kan irin wannan magana, akwai kuma uwar da ta daina barci tana kallon 'ya'yanta tana lissafin wanda zai bi sahun kawunsa.

A gari irin Garu da ke ƙaramar hukumar Illela, inda Najeriya ta yi iyaka da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, maganar ta fi kama jiki. Gobirawa, Adarawa, Fulani, Buzaye da Zabarmawa kasuwa ɗaya suke ci, hatsi ɗaya suke awo, kuma sun daɗe suna auratayya. To shin gaskiya ne jinin wata ƙabila ya fi na wata jure wa abubuwan da ke jawo ciwon daji?

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, masana sun auna sun gani. Amma in aka ɗora gadon a sikeli tare da abin da ke cikin rumbu da abin da ke rubuce a katin rigakafin yaro, gadon ne mafi ƙarancin nauyi. Bari mu bi maganar daki-daki.

Hanta, gidan wankin jiki

Duk abin da muka ci, muka sha, ko muka shaƙa, sai ya ratsa ta hanta. A cikinta Allah Ya sanya wasu sinadarai masu aikin sauya guba ta koma abin da jiki zai iya fitarwa ta fitsari ko bayan gida. Mu kira su ma'aikatan hanta. Aikinsu hawa biyu ne.

Ma'aikatan farko su ne masu fasa guba. Sai dai a wasu lokuta, da sun fasa ta sai ta ƙara zafi, ta koma kamar garwashin da aka ciro daga murhu. Nan take ma'aikata na biyu za su zo su kashe garwashin su kwashe shi. Idan na biyun sun yi ƙaranci ko sun yi sanyin jiki, garwashin yakan faɗa kan ƙwayoyin gado da ke cikin tsokar hanta ya ƙona wani wuri. Ƙuna ɗaya jiki kan gyara ta. Amma idan abin ya yi ta maimaituwa shekara da shekaru, wata rana ƙwayar tsoka ɗaya takan manta da dokar tsayawa, ta yi ta hayayyafa babu birki. Wannan shi ne ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa.

Kowane ma'aikaci daga cikinsu akwai ƙwayar gado da ke ba da umarnin ƙera shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ɗaya daga cikin masu kashe garwashin, likitoci suna kiran sa GSTM1. Akwai mutanen da aka haifa ba su da shi ko kaɗan, saboda uwa ba ta ba su ba, uba ma bai ba su ba. Lafiyarsu lau, ba wata alama da za a gani a jikinsu, domin akwai sauran ma'aikata da ke rufa wa aikin asiri. Bambancin ba ya fitowa sai ranar da guba ta yi yawa. Hausawa sun riga sun faɗa: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma in babu ƙadangaren a gidan, tsagar ba ta cutar da kowa.

Inda al'ummomi suka bambanta

Mun saba da bambancin gado a wasu abubuwa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da jinin AS, abin da da wuya a same shi a ƙasar Japan. Fulani da yawa suna shan ɗanyar madara har tsufansu ba ta taɓa cikinsu, alhali wasu da sun sha sai kumburi da gudawa. Haka abin yake ga ma'aikatan hanta.

Kusan rabin Turawa ba su da GSTM1, haka ma kusan rabin mutanen Sin da Japan. A Afirka ta kudu da Sahara marasa shi ba su kai haka ba, yawanci tsakanin 20 zuwa 35 ne cikin 100. A wani bincike da aka wallafa a 2011 kan 'yan Najeriya kimanin 300, an samu marasa shi kusan 37 cikin 100 a Hausawa, 31 a Yarabawa, 23 a Ibo. Mutum ɗari-ɗari aka gwada daga kowace ƙabila, don haka ba hukunci ba ne a kan miliyoyin jama'a, amma ya nuna cewa ko a cikin ƙasa ɗaya ana samun 'yar tazara.

Akwai wani ma'aikacin mai suna NAT2. Ta hanyar maganin tarin fuka aka gano labarinsa a shekarun 1950, lokacin da likitoci suka lura cewa wasu marasa lafiya jikinsu na saurin fitar da maganin, wasu kuma yana daɗewa a jininsu har ya sa musu zogi a hannu da ƙafa. Fiye da rabin Turawa masu jinkirin ne, amma a Japan kusan mutum ɗaya ne cikin goma. Wannan ma'aikacin shi ke kashe wasu gubobin da ke cikin hayaƙin taba, shi ya sa mashayin taba mai jinkirin NAT2 ya ɗan fi takwaransa haɗarin ciwon dajin mafitsara.

A gabashin Asiya kuwa, kusan mutum ɗaya cikin uku a Sin, Japan da Koriya yana da rauni a ma'aikacin da ke wanke gubar barasa. Da ya sha sai fuskarsa ta yi ja. In ya nace wa shan, haɗarin ciwon dajin maƙoshi yakan ninka masa sau da yawa. In kuwa bai taɓa sha ba, raunin ba ya jawo masa wannan ciwo. A Amurka ma wani babban bincike da aka wallafa a 2006 ya nuna cewa a tsakanin masu shan taba daidai wa daida, baƙaƙen fata da 'yan asalin tsibirin Hawai sun fi Turawa kamuwa da ciwon dajin huhu, jikokin Japanawa kuma ba su kai Turawa ba.

Ki lura da abu ɗaya a duk misalan nan, 'yar'uwa: kowane rauni sai da abokin tafiyarsa. Na taba sai da taba, na barasa sai da barasa. To mu namu abokin tafiyar mene ne?

Gubar da ke ɓoye a gyaɗa da masara

A shekarar 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a gonakin Ingila cikin 'yan watanni. Da aka bi diddigi sai aka tarar da dusar gyaɗar da aka kawo daga Barazil ce sanadi. Wata irin fumfuna, wadda mu Sakkwatawa muke ce wa hunhuna, ta kama gyaɗar ta zuba mata guba. Gubar ita ce aflatoksin. Daga baya an gano dalilin da ya sa talo-talo suka fi kaji jin jiki: hantarsu na da saurin ciro garwashi, amma masu kashe shi ragwaye ne. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya aflatoksin a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji.

Wannan fumfuna tana son zafi da laima, kuma abincin da ta fi ƙauna shi ne gyaɗa da masara. Takan kama gero da dawa da busasshen barkono, amma ba kamar waɗancan biyun ba. Tun a gona take farawa, musamman idan ruwa ya ɗauke wa gyaɗa ana dab da cire ta, abin da manoman yankinmu suka sani sarai. Sannan ta ci gaba a rumbu idan an adana kaya da sauran danshi, ko ƙwari sun huda su.

Abu uku ne suka sa take da wuyar sha'ani. Ba kullum ake ganin ta da ido ba. Dahuwa, suya da gashi ba sa kashe ta, don haka tana nan a ƙuli-ƙuli, tunkuza, kunun gyaɗa, dakuwa, yajin tsire da tuwon masara idan da gurɓataccen kaya aka yi su. Kuma idan aka ba saniya ko akuya dusar da ta lalace, wani kaso na gubar yakan fito a nono.

Idan ta yi yawa a lokaci ɗaya takan kashe nan take. A 2004 a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da ta yi fumfuna, 125 suka rasu. Amma yawanci kaɗan-kaɗan take shiga, kullum, tun daga yaye. A wani bincike da aka wallafa a 2002 kan yara 480 a Benin da Togo, an samu alamar gubar a jinin 99 cikin 100, kuma yaran da suka fi ta da yawa su ne suka fi tsumburewa. Yaran da aka yaye sun ninka masu shan mama yawan gubar.

A nan ne maganar gado ta haɗu da maganar abinci. A ƙasar Gambiya, inda gyaɗa ce babban abin noma, masu bincike sun kwatanta masu ciwon dajin hanta fiye da 200 da masu lafiya kimanin 400, suka wallafa sakamakon a 2005. Marasa GSTM1 sun ninka sauran haɗari fiye da sau biyu, kuma abin ya fi tsanani ga waɗanda suka fi cin gyaɗa. A Sudan ma an samu makamancin haka a 2001 tsakanin masu yawan cin markaɗaɗɗiyar gyaɗa, musamman a yammacin ƙasar. Wasu binciken a wasu ƙasashe ba su ga bambanci mai yawa ba, kuma hakan ya dace da abin da muka faɗa: raunin ba ya magana sai inda gubar take.

A ɗora su a sikeli

A birnin Shanghai na ƙasar Sin an bibiyi maza fiye da 18,000 na tsawon shekaru. Ga abin da aka samu game da ciwon dajin hanta:

Wanda ke da alamar aflatoksin a fitsarinsa kaɗai, haɗarinsa ya ninka kusan sau 3.

Wanda ke ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B kaɗai, sau 7.

Wanda ya haɗa biyun, kusan sau 60.

Ki ajiye sau biyun gado kusa da sau 60 ɗin nan, ki ga wanda ya rinjaya. Ga shi kuma ƙidayar lafiya ta ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ta nuna cewa kimanin mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, akasarinsu ba su ma sani ba.

Wannan ya warware wani ɗaurin. Sau da yawa gidan da ake cewa "a jininsu yake", abin da ya bi su ba ƙwayar gado ba ce, ƙwayar cuta ce da ta wuce daga uwa zuwa jariri, ko daga yaro zuwa yaro ta reza da askar wanzami. Sannan duk rumbu ɗaya suka ci tun suna ƙanana. Ciwon ya bi gida, gaskiya ne, amma ta hanyoyin da ake iya toshewa.

Gundumar Cidong da ke kusa da Shanghai ta zama hujja. A da tana cikin wuraren da ciwon dajin hanta ya fi kisa a duniya, kuma masara ce abincin talakawanta. A tsakiyar shekarun 1980 dokokin kasuwanci suka sauya, mutane suka koma cin shinkafa. Alamar gubar a jininsu ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa, mace-macen ciwon a tsakanin matasa kuma ya ragu da fiye da rabi. Jininsu bai sauya ba, ƙabilarsu ba ta sauya ba. Tukunya ce ta sauya.

Me ya sa ƙabila ba gwaji ba ce

Ko da lissafin 37 cikin 100 ya tabbata, ma'anarsa ita ce a cikin Hausawa goma, shida suna da wannan ma'aikacin, kusan huɗu ba su da shi, kuma ba wanda zai iya nuna su da yatsa. Wa da ƙane, ciki ɗaya, ɗaya na iya samu ɗaya ya rasa. Masana gado sun daɗe da tabbatar da cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin 'yan Adam a cikin kowace al'umma yake, ba tsakanin wannan al'umma da waccan ba. Afirka kuwa ita ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado, amma 'yan asalinta ba su kai kashi 3 cikin 100 na waɗanda aka yi manyan binciken gado a kansu ba. Saboda haka lissafin da aka yi a kan Turawa ba lallai ya zauna daidai a kanmu ba.

Ballantana a bakin iyaka. Yaron da kakarsa Ba'adara ce, kakansa Bafulatani, mahaifiyarsa Bagobira, a wane layi za a sa shi? Hausa harshe ne da al'ada da suka tattaro jinsi iri-iri tun zamanin fatake. Kuma idan an ga ciwo ya fi yawa a wata ƙabila, sai an fara duba abin da suke ci, sana'arsu, yadda suke adana abinci da nisansu da asibiti, kafin a ɗora wa jini laifi.

Gwajin GSTM1 ba ya cikin gwaje-gwajen yau da kullum a asibitocinmu, kuma likitoci ba sa ba da shawarar a yi shi, domin ko mai shi ko marar shi shawara ɗaya za a ba su. Ba kamar gwajin sikila ba ne, wanda sakamakonsa ke da tasiri kai tsaye ga 'ya'yan da za a haifa. Don haka babu dalilin fasa aure a kan wannan. Gwajin da ya kamata a yi kafin aure shi ne na ciwon hanta, kuma ko an samu ɗaya yana da shi, ana yi wa ɗayan allurar rigakafi a ci gaba da shiri.

Aikin da ke hannun uwargida: rumbu da kasuwa

A yankin Kindiya na ƙasar Gini an yi wani gwaji a ƙauyuka 20, aka wallafa a 2005. Rabin ƙauyukan an koya musu abubuwa masu sauƙi game da gyaɗarsu, rabi kuma suka ci gaba yadda suka saba. Bayan wata biyar da girbi, gubar da ke jinin mutanen rukunin farko ba ta kai rabin ta sauran ba. Babu inji. Ga irin abin da suka yi, tare da abin da ya dace da gidajenmu:

A tsince. Duk ƙwayar gyaɗa ko masarar da ta yamutse, ta sauya launi, ta fashe, ko ƙwaro ya huda ta, a fitar da ita. Gubar takan taru ne a 'yan ƙwayoyi kaɗan, kuma wake ɗaya ke ɓata gari. Wadda aka fitar ba ta yara ba ce, ba ta ƙuli-ƙuli ba ce, ba kuma ta akuyar da ake tatsa ba ce. A binne ta ko a ƙona.

A shanya a kan tabarma ko tamfol, kada a zuba a ƙasa. A kwashe da yamma saboda raɓa. Gyaɗar da ta bushe sosai takan yi ƙara a cikin ɓawonta in an girgiza, masara kuma takan fashe ƙaras in an ciza.

A ajiye gyaɗa da ɓawonta, a riƙa ɓarewa daidai buƙata.

Kada buhu ya zauna a ƙasa ko ya jingina da bango. A ɗora a kan katako, a ɗakin da iska ke shiga. A duba rufin rumbu kafin ruwan farko. Buhun nan mai leda biyu a ciki da ake adana wake, wanda ake kira PICS, yana yi wa masara amfani, amma da sharaɗin ta bushe ƙayau kafin a ɗaure.

A surfa masara a wanke, a zubar da ƙwayoyin da suka taso saman ruwa. Surfe da wanki suna rage gubar sosai.

A kasuwa, ki ɗebo daga ƙasan kwano ki duba, ki sansana. Warin ɗaki ko ɗaci a baki alama ce. Akwai gyaɗar da ake ware wa masu ƙaramin ƙarfi a farashi mai sauƙi saboda ta lalace, kuma sau da yawa ita ke ƙarewa a injin markaɗe. Araha ba ta ado. In kina da mai yi miki ƙuli-ƙuli ko mai, ki san irin gyaɗar da take saye. In kuwa ke ce mai sana'ar, ki tuna 'ya'yan mutane ne za su ci.

Kunun yaye ya fi kowane abinci buƙatar kulawa, domin jikin yaro ƙarami ne kuma kusan abu ɗaya yake sha kullum. A zaɓa masa gyaɗa mafi kyau da hannu, a riƙa sauyawa da gero, wake, ƙwai, kifi da ganye irin su zogale. Shayar da nonon uwa zalla na wata shida shi ma kariya ne. Ba cewa ake a daina cin gyaɗa ba, abinci ce mai gina jiki. Lalatacciyar ce abin gudu.

Ga maigida manomi kuma, akwai wani sinadari mai suna Aflasafe da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar. Ana watsa shi a gonar masara ko gyaɗa mako biyu zuwa uku kafin fure, kuma yana rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye. A tambayi malamin gona.

Allurar ranar haihuwa

Jaririn da ya kamu da ƙwayar cutar hanta nau'in B lokacin haihuwa, a cikin goma tara za su rayu da ita har abada. Babban mutum in ya kamu, fiye da 90 cikin 100 jikinsu yakan kore ta da kansa. Wato ƙuruciya ce lokacin haɗari, kuma ita ce lokacin kariya.

Najeriya ta sanya rigakafin wannan cuta a jerin alluran yara tun 2004, kuma kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ta farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Sauran suna cikin allurar nan mai haɗe da rigakafi biyar da ake yi a mako na 6, na 10 da na 14. Tsibirin Taiwan ya fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kuma ciwon dajin hanta a tsakanin yaransu ya ragu ƙwarai. Gambiya ta fara a 1986.

Matsalarmu ita ce yawancin haihuwa a karkara a gida ake yi, kuma al'ada ba ta son fitar da jariri kafin suna. Ga shi ranar sunan ce wanzami ke zuwa da askarsa. Mai jego ba sai ta fita ba: kaka, gwaggo ko uban yaro na iya naɗe shi su kai shi asibiti mafi kusa a ranar da aka haife shi. In an makara, a kai shi duk da haka, kada a ce lokaci ya wuce. Iyalan da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙonni su riƙa tafiya da katin rigakafi, domin a kowane ɓangare ma'aikatan lafiya za su duba su ci gaba daga inda aka tsaya.

Mai ciki ta nemi a yi mata gwajin ciwon hanta a wurin awo. In an samu tana da shi, akwai maganin da likita kan ba wasu a watannin ƙarshe na ciki don kare jariri, kuma za ta shayar da ɗanta kamar kowa. Wanzami ya zo da sabuwar reza ga kowane yaro, ko ku saya ku ba shi. Haka wajen kaciya, hujin kunne, ƙaho da yankan farce. Cutar ba ta bin zufa, ba ta bin kwanon abinci ko gaisawa, don haka babu dalilin ware wa mai ita kofi ko shimfiɗa.

Hayaƙi ma guba ne

Ma'aikatan hantar nan su ne dai ke fama da gubar hayaƙi, na taba da na murhu. Sigari, shisha da tabar gari duk suna ɗauke da abubuwan da ke jawo ciwon daji, kuma wanda ke zaune kusa da mai busawa yana samun rabonsa. Mace mai girki da itace ko kara a rufaffen ɗaki, da goyo a bayanta, ita da yaron suna shaƙa kullum. A yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa, a yi amfani da busasshen itace, a daina hura wuta da leda ko roba, a sauke goyo a ba wani ya riƙe.

A yi hattara kuma da jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a mota da lasifika da sunan "wankin hanta". Babu jiƙon da ke dasa wa mutum ƙwayar gadon da ba a haife shi da ita ba, kuma wasunsu hantar suke ƙara wa aiki.

Idan ciwon ya taɓa shiga gidanku

Tarihin gida abin faɗa wa likita ne, ba abin ɓoyewa ba. Idan wani ya rasu da ciwon hanta, ko ciki ya kumbura masa da ruwa, idanu suka yi ɗorawa, to duk 'yan gidan su je gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Wanda ba shi da B a yi masa rigakafi. Wanda ke da shi ya riƙa ganin likita, domin akwai magungunan da ke danne ƙwayar, kuma hoton ciki lokaci-lokaci kan kama ƙari tun yana ƙarami. Nau'in C kuwa yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin kimanin wata uku.

Akwai wasu cututtukan daji ƙalilan da gado ke da ƙarfi a cikinsu, kamar ciwon dajin mama da ya kama uwa da 'ya'yanta mata tun ba su manyanta ba. Irin wannan gida ya kamata matansa su fara duba kansu da wuri, su sanar da likita. Rama babu dalili, ciwo ko tauri a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin ciki, shawara ga babba, ko ƙullutu a mama, duk ba na jira ba ne. A fara da asibiti mafi kusa, in da buƙata za a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda ake da sashen kula da masu ciwon daji.

Rai da ajali na Allah ne, kuma babu uwar da ta zaɓa wa ɗanta abin da zai gada. Abin da aka bar mana shi ne tsintar gyaɗa, shanya a kan tabarma, sabuwar reza da allurar ranar haihuwa. Kafin kakar bana ta shigo, a leƙa rumbu, a kuma ciro katin kowane yaro a duba ko layin farko a cike yake.

Ku faɗa mana a ƙasa yadda kuke adana gyaɗa da masara a garinku, wata ta ƙaru da dabarar wata. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.